"Lafiya Lau" Har Mako Goma: Nazarin Ciwon Damuwa a Wata Mai Jego

Wannan bayani ne a kan wata mai jego da na bi lamarinta tun daga mako na 6 bayan ta haihu har yaronta ya cika wata 14. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen mata da ƙananan yara. Da izininta na rubuta, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunanta ko inda take ba. Duk makonnin da ke ƙasa daga ranar haihuwa aka fara ƙirga su.

Kafin haihuwa

Shekararta 27, malamar makaranta ce, shekara uku da aure. Wannan ne cikinta na biyu, na farkon ta yi ɓarinsa yana da mako 11. Tana da cikin wata huɗu aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka koma inda ba ta da kowa, ta ajiye koyarwa. Mijin yana aikin dare sau uku a mako.

Sau bakwai ta je awo, ba ta taɓa fashi ba. Katinta tsaf yake, an cike awon jini da nauyi da bugun zuciyar jariri. A awon wata bakwai akwai layi guda da aka rubuta: "tana ƙorafin rashin barci da faɗuwar gaba." Aka ce mata nauyin ciki ne.

Abu biyu babu su a katin, domin babu gurbin da aka ware musu. Tana da shekara 19 mahaifinta ya rasu, ta yi kusan wata biyar ba ta zuwa makaranta, ba ta cin abin kirki, ba ta fita daga ɗaki. Ba a kai ta wurin likita ba, a gida cewa aka yi ta kasa dangana. Na biyu, mahaifiyarta ma bayan haihuwar auta ta yi watanni ba ta son magana da kowa, ciwon da har yau a gidansu ba a sa masa suna ba.

Haihuwa da mako biyun farko

Naƙuda ta kama ta ciki yana da mako 38. Bayan awa 19 bugun zuciyar jaririn ya fara sauka, aka shiga da ita tiyata cikin gaggawa. Ta zubar da jini kimanin lita 1.1. Ranar da aka sallame ta awon himogulobin ɗinta, wato awon ƙarfin jini, 8.1 ne, alhali duk mai jegon da ta gaza 10 ana lissafa ta cikin masu ƙarancin jini. Yaron namiji ne, kilo 2.7, ya zo da matsalar numfashi, ya kwana huɗu a ɗakin jarirai. Sai a rana ta biyu ta fara riƙe shi. Daga baya da take ba ni labarin ranar, cewa ta yi: "Na farfaɗo, ba ciki, ba ɗa."

A rana ta uku ta fara kuka ba tare da ta san dalili ba. Wannan ba baƙon abu ba ne. Mabiyiya ce ke samar da mafi yawan sinadaran istirojin da furojestaron a lokacin ciki, da zarar ta fita kuwa sai su faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Rabin masu jego ko fiye suna samun wannan 'yar damuwa ta kwanakin farko, da saurin kuka da saurin fushi, kuma da kanta take wucewa kafin mako biyu. Haka aka gaya mata a ɗakin masu haihuwa. Ba a ƙara mata da cewa idan ya zarce mako biyu ta dawo ba.

Mako na 3 zuwa na 6

Bai wuce ba. Kan nononta ya tsattsage, duk shayarwa sai ta cije leɓe, yaron kuma kusan kowace awa ɗaya da rabi yake nema. Idan aka haɗa barcinta na yini da dare bai fi awa uku ba, shi ma a gutsure. Abin da ya bambanta ta da mai gajiya kawai shi ne, ko yaron ya yi barci ita ba ta iya yi.

Ta kwatanta mini darenta dalla-dalla. Wajen ƙarfe uku za ta kunna fitilar waya, ta rufe rabin hasken da tafin hannu don kada ya dame shi, ta kara bayan yatsarta a hancinsa ta ji ɗumin numfashi. Ta ƙirga har ɗari, ta koma ta kwanta. Kafin ta gyara matashi sai zuciya ta ce mata ai wataƙila a na ɗari da ɗaya ya tsaya, sai ta sake tashi. A daren da mijin yake wurin aiki haka take yi har gari ya waye.

Abinci ya fita ranta. Ta daina ɗaukar waya. Tunani guda ya zauna mata, cewa yaron nan an zalunce shi da aka ba shi uwa irinta.

A mako na 6 ta kawo shi rigakafi, kuma ni ce a bakin aiki, layi har ƙofa. Na auna yaro, kilo 3.8, daidai. Na duba ɗinkin tiyata ya warke, hawan jini babu. Na ce, "Maman yaro, ya jego?" Ta ce, "Lafiya lau, Sista." Ina iya tuna yadda ta riƙe shi nesa da ƙirjinta, hannuwa a sandare, kamar wadda aka ba ajiyar kayan wani. Na gani da idona, na kira ta gaba.

Mako na 6 zuwa na 10: abin da aka gwada a gida

Nasiha aka fara da ita. Mijin ya same ta tana kuka, cikin ruɗewa ya ce, "Wai me kika rasa ne? Ga ɗanki lafiya, ga ki lafiya." 'Yan'uwa a waya su ma suka ce ta yi haƙuri, kowace mace da haka ta saba. Kukan bai tsaya ba, wuri ya canja. Ta koma yi a banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji. A kan damuwar da take ciki kuma ta ƙara ɗora wa kanta laifin butulci.

Maganin ƙarin jinin da aka sallame ta da shi ta sha na kwana tara, ya ƙulle mata ciki, ta ajiye.

Wata maƙwabciya da ta tausaya mata ta ba ta ƙwayar barci, dayazifam. Ta sha dare uku. Ta yi barci, amma a rana ta uku yaron ya yi laushi, sai an tashe shi, in ya kama nono ya ɗan tsotsa ya saki. Wannan magani yana bin ruwan nono, kuma jikin jariri ba ya saurin fitar da shi, sai ya taru. Ta tsorata ta daina, ta kuma riƙe abin a matsayin shaidar cewa ita ce ke cutar da ɗanta.

Daga nan surukarta ta zo, da kyakkyawar niyya. Ta ce, "'Yar nan, kwanta ki huta, ni zan riƙe shi." Kwana goma tsohuwar ce ke wanka da goyo da rarrashi, ba a miƙo mata yaron sai lokacin nono. Barcinta na rana ya ɗan ƙaru. Amma tana kwance tana jin yaron ya yi shiru a hannun wata, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa gidan ya fi tafiya daidai in babu ita.

Mako na 10: ranar da aka gano

Ta dawo rigakafi na biyu. Yaron kilo 4.3, ƙarin bai kai yadda ake so ba. Ita kuma ta faɗa, zobenta har ya koma yatsan tsakiya. Da aka yi wa yaron allura ya tsala ihu, ba ta jijjiga shi ba, ba ta ce masa komai ba, hawaye kawai ke zubo mata. Na miƙa layin ga abokiyar aikina na ja ta ɗakin gefe.

Na yi mata tambayoyin ma'aunin Edinbura na gano damuwa a masu jego, wanda John Cox da Jenifer Holden da Ruth Sagovsky suka fitar a 1987. Tambaya goma ce a kan kwana bakwai da suka wuce, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Da gangan aka bar tambayar gajiya da cin abinci a waje, tunda waɗannan kowace mai jego tana fama da su. Ana tambayar ko tana iya dariya, ko tana ɗokin wani abu, ko tana zargin kanta, ko tsoro na kama ta ba dalili. Maki 13 zuwa sama yana nuna a tura mace ga likita. Ma'aunin na tantancewa ne, likita ke tabbatar da ciwon. Minti biyar ya ɗauke mu. Ta sami 19, kuma a tambaya ta goma, wadda ta shafi tunanin cutar da kai, ta zaɓi "wani lokaci."

Na tambaye ta kai tsaye: "Ƙanwata, kin taɓa tunanin kashe kanki?" Mutane na tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta cusa wa mara lafiya abin da babu a ransa. Ba ta cusawa, kuma dole a yi ta. Binciken mace-macen masu haihuwa da ake yi a Birtaniya ya sha nuna cewa tsakanin mako shida da shekara guda bayan haihuwa, kisan kai yana sahun gaba a abubuwan da ke hallaka mata. Ta ce ba ta shirya komai ba, amma takan yi fatan ta kwanta kada ta farka. Sai ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: duk ta ɗauki yaron za ta yi masa wanka sai ta hango ya suɓuce mata cikin ruwa, shi ya sa ta daina.

A ranar likita ya gan ta. Ya fara da ware taɓin hankalin bayan haihuwa, wanda ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci a mako biyun farko, da ruɗewa da jin muryoyi da yarda da abin da ba shi ba. Wannan na gaggawa ne, kwantarwa ake yi. Nata ba shi ba ne. Hoton da ke faɗo mata tsoratar da ita yake yi, gudunsa take, kuma irin wannan tunani ya zama ruwan dare a masu jegon da ke cikin fargaba. Ya tambayi ko ta taɓa yin kwanaki tana jin ƙarfi fiye da kima, ba barci ba gajiya, domin mai irin wannan tarihi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkita ta. Ba ta taɓa ba. Gwajin jini ya nuna himogulobin 9.2. Aka duba tayirod, wato gaɓar da ke gaban wuya wadda girmanta ke kawo maƙoƙo, domin kusan mace 1 cikin 20 takan sami kumburinsa bayan haihuwa, alamunsa kuma suna kama da damuwa. Nata lafiya.

Ya tabbatar da ciwon damuwa mai ƙarfi. Ya rubuta maganin damuwa mai suna satiralin miligiram 50 a kullum da wani maganin ƙarin jinin, ya ce ta dawo bayan mako biyu.

Mako na 10 zuwa na 13: magani na farko bai zauna ba

Kwana shida ta sha ta daina. Tashin zuciya da ciwon kai suka dame ta, sauƙi kuma ba ta ga ko ɗaya ba. Ta kira yayarta ta karanta mata takardar cikin kwalin, yayar ta ce, "Maganin ƙwaƙwalwa kike sha kina shayarwa? Ki rufa wa yaron nan asiri." Mijin bai ma san an rubuta mata komai ba, a ƙasan jaka ta ɓoye. Ba ta zo a mako na 12 ba. Na kira ta sau uku kafin ta ɗauka. A mako na 13 ta zo, makinta 21.

Mako na 13: zama da mijin

Da yardarta na kira shi. Ya zo daga aikin dare ko gida bai je ba. Likita ya yi masa bayani cewa ciwo ne mai suna kuma mai magani, kuma a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa damuwa, a ƙasashe masu tasowa ma ya kai kashi 19.8, kusan mace ɗaya cikin biyar ke nan. Ya yi shiru yana murza hularsa, can ya ce, "Sista, wallahi ni na ɗauka ni ne ba ta so."

A zaman aka sake fara satiralin daga miligiram 25 na mako guda, sannan 50, da safe bayan ta ci wani abu. Wannan karon an faɗa musu su biyu cewa tashin zuciyar na kwanaki ne, amfanin kuma sai bayan mako biyu zuwa huɗu yake fara bayyana, sannan abin da ke shiga ruwan nono daga wannan magani kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa yake cikin waɗanda likitoci ke fara zaɓa wa mai shayarwa. Ragowar dayazifam mijin ya kawo mana washegari.

Aka ware mata barcin awa biyar a jere, daga ƙarfe 9 na dare zuwa 2, a ɗaki daban. Tana tatsar nono da yamma, mijin ya ba yaron da ƙaramin kofi. Surukar ta dawo don daren da yake wurin aiki, amma muka roƙe ta ta juya taimakon: ita ta kama aikin gida, yaron ya zauna wurin uwarsa. Wanka kuma uwar ce za ta yi, tsohuwar na tsaye a gefe ba tare da ta karɓa ba. Ungozomarmu ta gyara mata yadda yaron ke kama nono, cikin kwana goma tsagewar ta warke.

Sai zaman tattaunawa, minti 40 kowane mako, ni da ita. Na bi tsarin da Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa suka gwada a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na ƙauye, ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, suka riƙa zama da mata masu damuwa. Mata 903 aka bi, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2008: bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne ke da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa zaman, a rukunin da ba a bi wannan tsarin da su ba kuwa kashi 53. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin jagorar aiki. Hanyar mai sauƙi ce: a kamo tunanin da ke danne mace, a auna shi da abin da ya faru a zahiri, a ɗora ƙaramin aiki guda na mako. Da ta ce mini "ni ba uwa ba ce," sai na ba ta biro na ce ta rubuta duk abin da ta yi wa yaron jiya. Shayarwa sau tara, canjin ƙunzugu sau bakwai, yanke farce, shanya kayansa. Ta cika shafi, ta daɗe tana kallonsa. Na tambaye ta, in wata ce ta kawo mata wannan takarda, me za ta kira ta?

Mako na 14 zuwa wata na 6

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Mako na 15 makinta 18, na 17 ya sauko 15. A mako na 18 yaron ya yi zazzaɓi aka kwantar da su dare biyu, ƙirgar numfashi ta dawo, maki ya koma 17. Likita ya ƙara maganin zuwa miligiram 100. Mako na 22 maki 11, himogulobin 11.8. Mako na 26 maki 6, tambaya ta goma kuma 0 tun mako na 20. Yaron kilo 7.1.

Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, jin daɗin yaron shi ya zo ƙarshe, kuma shi ya fi damunta. A mako na 23 ta shigo tun kafin ta zauna ta ce, "Sista, jiya na yi atishawa ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ji na yi ni ma ina yi, ban san lokacin da na fara ba."

Wata na 7 zuwa na 14

Ta ci gaba da maganin wata shida bayan ta warware, kamar yadda ƙa'ida take, domin yanke shi da wuri yana jawo komawar ciwo. Daga wata na 12 aka riƙa rage shi a hankali cikin mako shida. A wata na 14 makinta 4, ta koma koyarwa, tana ci gaba da shayarwa. Abu biyu ba su tafi ba: tana tsoron sake ɗaukar ciki, kuma tana baƙin cikin cewa wata ukun farko na ɗanta ba ta iya tuna su sosai.

Abin da na fahimta

Saukar sinadaran ciki kowace mai haihuwa tana samunta, ba kowa ke kwantawa ba. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2000, an ba mata sinadaran ciki sannan aka janye musu. Cikin takwas da suka taɓa yin damuwar bayan haihuwa biyar alamun suka dawo musu, cikin takwas da ba su taɓa yi ba ko ɗaya. Wato akwai ƙwaƙwalwar da wannan sauyi ya fi girgizawa. Ita wannan baiwar Allah ta shigo ciki da tsohon ciwon da ta yi tana da shekara 19 da kuma tarihin mahaifiyarta, kuma a ganina waɗannan ne mafi nauyi a kayanta. Faɗuwar gaban wata bakwai kuwa ina ganin farkon ciwon ne, ba nauyin ciki ba. Binciken da Vikram Patel da abokansa suka yi a Goa ta Indiya, wanda ya fito a 2002, ya sami kashi 23 cikin ɗari na masu jego da damuwa, kuma kashi 78 cikin ɗari na waɗannan tun suna da ciki alamun suka fara. A kan wannan aka ɗora ɓari, ƙaura, barin aiki, kaɗaici, sannan tiyatar gaggawa, zubar jini, raba ta da jariri kwana huɗu, ciwon nono da rashin barci. Fiye da rabin waɗannan abubuwa ana iya saninsu tun ranar awon farko da tambaya uku ko huɗu.

Duk abin da aka gwada a gida don ƙauna aka yi shi, amma an ɗauki ciwon a matsayin gajiya ko rashin haƙuri, sai kowane taimako ya ƙara tabbatar mata da zargin da take yi wa kanta. Namu kuskuren ya fi ci mini rai. A mako na 6 gaisuwa na yi mata, wadda amsarta sananniya ce, na ɗauke ta a matsayin tambaya, wannan ya ci mata mako huɗu. A mako na 10 mun miƙa mata magani ita kaɗai, ba cikakken bayani, ba wanda zai tsaya mata a gida, wannan ya ci wasu ukun.

Ba zan iya ware abu ɗaya in ce shi ya warkar da ita ba, tunda tare aka fara su. Amma maganin nan shi ne dai wanda ya faskara a karon farko. Abin da ya canja a karo na biyu shi ne mijin ya san abin da ake ciki, barcin awa biyar ya samu, surukar kuma ta matsa gefe ta bar mata ɗanta a hannu.

Wadda ta taɓa yin wannan ciwo tana cikin haɗarin sake yinsa a haihuwa ta gaba, kuma mun faɗa musu haka ba ɓoye-ɓoye. Sun zaɓi su ba da tazara. A shafin farko na katinta yanzu an rubuta tarihin da jan biro, tare da ranakun da za a yi mata tambayoyin Edinbura in ta sake samun ciki: awon farko, wata na bakwai, mako na 2 da mako na 6 bayan haihuwa.